In buga riguna da kofuna masu sunan shagona in sayar, ko in bari?

Mai Furar Kabuga:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sana'a, shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka taɓa zuba kuɗinsu a irin wannan harka.

Ina da ɗan shagon fura da yogot a wajen Kabuga, nan Kano, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Muna yin zoɓo da kunun aya, amma fura ce ke riƙe da shagon. Yara uku ke taya ni: mace ɗaya a ciki wajen damu, samari biyu a gaba suna sallamar mutane da kai saƙo. Sunan mahaifiyata na sa wa shagon, Allah ya jiƙanta, don a hannunta na koyi kirɓi. Ita ta nuna mini yadda ake daidaita citta da kanumfari da masoro har fura ta yi ƙamshi ba tare da yaji ya danne geron ba.

Bara na yi wa samarin nan riguna iri ɗaya don a riƙa gane su idan sun je kai saƙo. Tishat ce ruwan madara, an buga ƙwarya da ludayi a ƙirji, sunan shagon a ƙasa da ƙananan haruffa. Tun daga nan ɗalibai suka fara, "Anti, rigar nan ta sayarwa ce?" Wasu da wasa suke faɗa, wasu na ga alamar da gaske suke, har akwai yarinyar da ta ce kofi take so mai zanen nan ta kai wa babanta tsaraba. Ƙanina da ke kula mini da shafin Instagram ya ɗau maganar da zafi. A lissafinsa mu buga riguna 100, hular hana-salla 50, kofuna 50, mu kafa 'yar kanta a gefen firiza. Ya ce riba biyu ce: an ci kuɗin riga, sannan duk wanda ya sa ta yana yi mana talla a gari ba da ko sisi ba.

To kuɗin da zan yi wannan da su na adashina ne da zan ɗauka ƙarshen wata mai zuwa, kuma tuntuni na ƙudurta firiza ta biyu zan saya. Wanda ya san sana'ar nan ya san abin da nake nufi. Daga Maris zuwa Mayu, da kuma cikin azumi, firiza ɗaya ba ta kai mu ko'ina. Kafin la'asar mai sanyin ta ƙare, mu koma sayen ƙanƙara a waje, ranar da babu wuta kuwa ribar yinin a kan ƙanƙarar take tafiya.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai wanda ba na kuɗi ba ne. Sunan uwata ne fa. A jikin yarana na san inda suke zuwa da shi, na san lokacin da suke cirewa. In na sayar, ba ni da ta cewa. Gobe a gan shi a jikin mai dambe a gidan kallon ƙwallo, ko a bidiyon rashin ɗa'a a TikTok, ko rigar ta tsufa a mayar da ita tsumman goge babur. Amma gaskiya ina so. Da na fara hango sunanta a jikin yaron nan yana ratsa titi a kan babur sai da na yi ƙwalla. Ina son sunan ya zaga.

Shin ƙaramin shago irin nawa ya dace ya shiga sayar da irin waɗannan kaya? In ya dace, da me ake farawa, kuma guda nawa? In bai dace ba, ku gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Tsohon Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa albarka a nema.

Ni a Kantin Kwari na yi ƙuruciya har furfura ta same ni, yadi da atamfa nake sayarwa, saboda haka tufa ita ce abin da na sani. Sayi firizarki.

Sana'arki kuɗinta kullum yake juyawa. Geron da nonon da kika saya da safe, kafin isha sun koma kuɗi a aljihu. Tufa ba haka take ba, zama take yi tana jiran mai ita. Riga kuma tana da ƙarama da matsakaiciya da babba. A cikin ɗarin nan matsakaitan za su tafi, a bar ki da waɗanda ba su shiga kowa. Mu a kasuwa idan atamfa ta yi kwantai mukan karya farashi, masu sari su kwashe su kai kasuwannin ƙauye ko su tsallaka da ita Maraɗi, ko ba riba uwar kuɗi ta motsa. Rigar da aka buga wa sunan shagonki ba ta da mai sari. Ko rabin kuɗi kika ce, babu ɗan Kwari ko ɗan Ƙofar Wambai da zai ɗaga kai ya kalle ta. Daga ranar da tawada ta taɓa ta, ba ta da kasuwa sai a ƙofar shagonki.

Sannan ki leƙa ɗakinki ki ƙirga kayan da ke da suna a jiki. Kofin biki, bokiti, mafici, kalanda, littafin rubutu mai hoton ango da amarya, rigar girkin kamfanin magi, lemar kamfanin waya da mai kati ke zama a ƙarƙashinta. Wanne kika saya da kuɗinki? Mu a nan idan aka ga suna a jikin kaya, abin da ke zuwa rai shi ne rabo ake yi. Ga zaɓen 2027 na tafe, riguna da huluna za su cika gari kyauta, wani har da ɗan kuɗin mota a kai. Za ki sha jin "Hajiya, mu ba za a ba mu ba?" daga kwastoman da ya shekara yana saye a wurinki, daga maƙwabcin shago, daga dangin miji. Kunya ba za ta bar ki ki ce su biya ba.

Tallar da ƙaninki yake faɗa ma a duba. Magidanci kaftani yake sawa, in ma ya sa tishat a ciki take. Mata, waɗanda na tabbata su ne rabin masu sayen furarki, hijabi da abaya sun rufe komai. Saura ɗalibai, su kuwa baƙi ne, hutu na zuwa sun watse. Kin dai tuna 2022 da ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki. Firiza ko jami'a na rufe mutanen unguwa za su sha mai sanyi.

Mai Buga Riguna, Fagge:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Wannan aikina ne, bari in yi miki bayanin yadda abin yake daga ciki, don maganar Baba gaskiya ce amma akwai hanyar da ba sai an buga ɗari ba.

Abin da ya sa kullum ake ce wa mutum ya buga da yawa shi ne bugun sikirin. Kowane launi da allonsa, kuma wahalar haɗa allon ɗaya ce ko riga 10 za a buga ko 200. To in an raba kuɗin allo a kan riguna masu yawa sai kowace ta fito da sauƙi, mai bugu ya nuna miki wannan sauƙin ki ga kamar kin ci riba. Yanzu kuwa akwai DTF. Ana buga zanen a jikin wani siririn fim, a barbaɗa masa garin gam, a gasa, sannan a ɗora a riga a danne da injin zafi wajen digiri 150 zuwa 160 na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ko riga ɗaya kike so za a yi miki, launi nawa ne a zanen bai dame shi ba. Kowace riga ta fi ta sikirin tsada kaɗan, amma ba ki da kwantai.

Ga misali, ba farashin yau nake ba ki ba don kullum canzawa yake. A ce riga da bugunta ta tsaya miki 6,000, kina sayarwa 8,000. In kin buga 100 kin zuba 600,000, kuma sai kin sayar da 75 kafin uwar kuɗinki ta dawo, tun ba a cire na kyauta ba. In kuwa samfur ɗaya kika rataye, mai so ya rubuta sunansa da saiz ya ba da kafin alƙalami, duk mako ki tara ki kawo a buga, to 2,000 ɗin nan ko kaɗan ce taki ce, ba ki taɓa adashinki ba.

Inda kuɗi ke tafiya ba bugun ba ne, rigar ce kanta. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, musamman Sin, kuma tun Yunin 2023 da aka saki naira farashinsu dala yake bi. Kada arha ta ja ki ki ɗauki mai santsin nan irin ta kamfen. A zafin Kano ba mai iya yini da ita. Nemi ta auduga mai nauyi, wajen giram 180 a kowace murabba'in mita ta yadin. Kafin ki amince da kowane mai bugu, har da ni, karɓi samfur ki wanke shi da omo, ki shanya a rana tsaka, ki sake wankewa. Duba wuyan ko ya saki, ja zanen ki ga ko zai tsattsage. Ki kuma riƙa gaya wa masu saye su juya cikinta waje kafin guga, dutsen guga bai shiri da bugun DTF.

Kofi daban ne. Ba kowane kofin tangaran na kasuwa ke karɓar bugu ba, akwai farare na musamman masu rufi a jiki waɗanda zafi ke shigar da tawadar ciki, shi ya sa wanki ba ya cire ta. Hula kuwa ɗinkin kwamfuta ya fi dacewa da ita, zare ba tawada ba, sai dai ƙananan haruffa ba sa fita sosai a zare. In da ni ne hula zan bari a ƙarshe, ita ta fi jinkirin tafiya.

Ɗan Ajin Ƙarshe:

Anti barka da aiki. Baba a yi mini afuwa, ba musu nake ba, amma mu matasa muna sayen riga mai suna da kuɗinmu. Je ka filin Sani Abacha ranar da Kano Pillars ke wasa ka ga masu rigar Sai Masu Gida, ba rabawa aka yi ba. Mu ma a makaranta kowane sashe yana buga rigarsa, 'yan ajin ƙarshe su biya ba gardama. Kamar anko ne, ba yadin ake saya ba, so ake a ga kai ma na ciki ne. Wanda ya yi shekara huɗu yana shan fura a wuri ɗaya da abokansa, in zai bar Kano zai so ya tafi da wani abu na wurin.

Abin da ba za mu saya ba shi ne allon talla. In aka sa lambar waya da adireshi da "muna kai saƙo har gida" a baya, ko kyauta aka ba ni barci zan riƙa yi da ita. Ƙwarya da ludayin nan su ne suka ja hankalin mutane. A bar su su fito, a yi baƙa ma ban da ruwan madarar don ba ta nuna datti. Amma ɗari kam ta yi yawa, Anti. Masu tambaya da baki sun fi masu ciro kuɗi yawa, na san halinmu.

Mai Kunun Aya, Kaduna:

'Yar uwa, ni na yi, amma ba riga ba. Kunun aya da zoɓo nake yi a Unguwar Rimi, kuma abin da ya karɓe ni shi ne gora.

Kin san yadda kuɗin roba da murfi da sitika ke cinye mu. Sai na sayo gorunan silba masu riƙe sanyi, aka zana mini sunan sana'ata a jiki da injin leza, ba ya gogewa. Nake sayarwa da 'yar riba kaɗan, kuma duk wanda ya zo da gorarsa in cika masa in rage masa kuɗin roba. Ba kyauta na yi masa ba, abin da da ma zan kashe ne na bar masa. Mai gora kuwa ya zama naki. Ma'aikaciya za ta biyo da safe a cika mata ta wuce ofis, ta dire a tebur, ta kusa da ita ta tambaya. Ribar da na gani ba a kan gorar take ba, a kan dawowar da suke yi ne. Kuma ba wanda ya taɓa cewa in ba shi kyauta, don kowa ya san gorar silba ko babu suna kuɗi ce.

Sai dai ki shirya wa wanki. Kunun aya ba ya haƙuri, yogot ma haka. Wani zai kawo gora ya kwana bai wanke ba, ki zuba, kafin azahar ya yi tsami, ya ce kayanki ne ba kyau. Ni dokata ita ce sai an buɗe an sansana, a ɗauraye da ruwan zafi a gaban mai ita, in tana wari ba ma zubawa ko ransa zai ɓaci. Ke da fura kike yi, nemi mai faɗin baki wadda cokali da soso za su shiga, in ba haka ba gari zai kwanta a ƙasa.

Na kuma ɗinka jakunkunan yadi masu suna saboda azumi. Masu kai kayan shan ruwa gidan surukai ba sa son baƙar leda. Ban sayar da jakar ita kaɗai ba, na haɗa kuɗinta a cikin kuɗin saƙon, mai son leda ya ɗau leda. Abu ɗaya, in akwai sunan Allah ko wata addu'a a tambarinki kada ki sa a jaka ko riga, kin san inda suke ƙarewa.

Akawun Lauya:

Hajiya, ƙarin bayani kaɗan ta ɓangaren takarda. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, daban, rajistar tambari daban. Ta tambari a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja ake yi, kuma aji-aji ne, guda 45. Kayan madara irin su yogot suna aji na 29, tufafi na 25, kofuna da kayan kicin na 21. Rajistar farko shekara 7 take yi, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ba na ce ki ruga yanzu ba, amma in zanen ya karɓu wani zai iya ɗaukar hotonsa ya buga nasa.

Wanda ya fi gaggawa: wa ya zana ƙwarya da ludayin? In ba ke ba ce, ki samu mai zanen ya rubuta miki cewa ya sallama miki haƙƙinsa, ya sa hannu, ya kuma ba ki ainihin fayil ɗin. Zanen da aka yi don rigar yaran shago biyu, in ya koma abin sayarwa, magana takan taso.

Mai Furar Kabuga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganar "ba ta da mai sari" ita ta tsaya mini, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Adashi na firiza ne, an gama wannan.

Amma ban haƙura gaba ɗaya ba. Zan rataye riga ɗaya, in ajiye littafi a kan kanta, mai so ya rubuta ya ba da rabin kuɗi. Ƙanina bai ji daɗi ba, ya ce mutane ba sa son jira, in ba su ga kaya a ƙasa ba sha'awar ta wuce. Wataƙila yana da gaskiya, amma wanda sha'awarsa ba ta kai mako ɗaya ba ban ga dalilin da zan ajiye masa dubban ɗaruruwa suna jiransa ba.

Sunan Mama kuwa na yanke ba zan sa shi a rigar sayarwa ba. Ƙwarya da ludayi kawai. Wanda ya san mu zai gane, wanda bai sani ba ya tambaya. Sunan zai hau kofi da gora, su a cikin gida da ofis suke zama, hankalina ya fi kwanciya da hakan. 'Yar uwa ta Kaduna, zan gwada gora kaɗan bayan firiza ta shigo, sai dai ina tunanin yarinyata ta ciki, aiki ya riga ya yi mata yawa, ga ɗauraye gorunan mutane da ruwan zafi a lokacin cunkoso. Sai na ga yadda zan tsara wannan tukuna.

Akawu, ɗan yayata ne ya zana a wayarsa, zan zaunar da shi da mahaifiyarsa mu yi a rubuce, in kuma ba shi wani abu, haƙƙinsa ne.

Malam mai bugu, hoton zanen da ke wayata shi ne wanda aka turo mini ta WhatsApp. Zai yi, ko sai an sake?

Tsohon Ɗan Kwari:

Madalla 'yata. Rabin kuɗin nan fa ki karɓa daga kowa, har 'yan gida. Ranar da kika ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, littafin ya zama na bashi.

Mai Buga Riguna, Fagge:

Ba zai yi ba Hajiya. WhatsApp yana matse hoto, in aka faɗaɗa shi zuwa girman ƙirji gefen ludayin zai fito dishi-dishi. Ki ce yaron ya fitar da shi daga manhajar da ya yi zanen, a nau'in hoton da ake kira PNG, marar bango, mafi girman da za ta iya, ya turo a matsayin fayil ba hoto ba. Ki ce ya yi kala biyu, mai duhu na rigar ruwan madara, mai haske na baƙar. Na kofi kuma ya bar sunan a ciki, amma ya ƙara wa haruffan kauri.